UniCat: Yadda jami'o'i huɗu na yankin Balin suka haɗa kai a kan binciken katalis

Ranar 10 ga Oktoba 2007, ranar da ya cika shekara 71 a duniya, aka sanar da Gerhard Ertl na Cibiyar Fritz Haber da ke Balin cewa shi ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Ya kwashe shekaru yana bin diddigin abin da ke faruwa a fatar ƙarfe idan iska ta sauka a kanta, har ya nuna, mataki bayan mataki, yadda naitirojin ke rabewa a kan ƙarfe kafin ya haɗu da haidirojin ya zama amoniya, uwar takin zamani. Kwana tara bayan wannan albishir, ranar 19 ga wata, hukumomin da ke raba kuɗin bincike a Jamus suka fitar da jerin manyan haɗakar da suka amince a ɗauki nauyinsu. A ciki akwai wata mai suna UniCat, wadda za ta tara masanan Balin da Potsdam a kan fannin da Ertl ya yi fice a kai. Ta fara aiki a watan Nuwamba na wannan shekarar, ta kai ƙarshen 2018.

Katalis shi ne duk wani abu da ke sa sinadarai su haɗu ko su rabu da sauri, ba tare da shi ya ƙare a cikin aikin ba. Aikinsa irin na dillali ne a kasuwa: ya kawo mai saye da mai sayarwa wuri guda, ciniki ya faɗa, shi kuma ya juya ya tari na gaba. Sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan da masana'antun sinadarai ke fitarwa sai sun bi ta kan wani katalis, daga man fetur da roba zuwa magani da taki. Amma masu nazarinsa sun daɗe a rabe gida uku. Akwai masu aiki da daskararren katalis, ƙarfe ko garin duwatsu da ake cusawa a bututu iska mai zafi ta ratsa. Akwai masu narkakken katalis da ke yawo cikin ruwan magani tare da kayan da yake sarrafawa. Sai masu nazarin enzayim, furotin ɗin da ke gudanar da duk wani aikin sinadarai a jikin mai rai. Kowane gida da mujallunsa, da tarukansa, da kalmominsa, har ta kai masani na iya yin ritaya bai taɓa zama ya saurari lacca daga ɗaya gidan ba.

Ga abin da ke sa wannan rabuwa ta zama asara. Masana'antar taki na buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin iska da ya ninka na sararin da muke shaƙa sau ɗari da hamsin ko fiye, kafin naitirojin ya yarda ya zama amoniya. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ƙulli-ƙullin saiwar gyaɗa da wake suna yin wannan aikin a cikin ƙasar gona, da zafin damina, ba tukunya ba injin. A zuciyar enzayim ɗin da suke amfani da shi ma ƙarfe ne, kamar dai na masana'anta. Waɗanda suka kafa UniCat sun ce tun da haka ne, dole akwai ƙa'idoji guda da ke ƙarƙashin gidajen uku, kuma ba za a gano su ba sai an zaunar da mutanen gidajen a kan tambaya ɗaya.

Su wa aka tara, kuma da kuɗin wa

Jami'ar Fasaha ta Balin ce ta riƙe ragama, kuma farfesanta na sinadarai Matthias Driess ne kakakin haɗakar. Sai jami'ar Freie da jami'ar Humboldt, duka a Balin, da Jami'ar Potsdam, da cibiyoyi biyu na ƙungiyar Max Planck: Fritz Haber da ke unguwar Dahlem, da wadda ke nazarin fatar abubuwa a Golm kusa da Potsdam. Rukunonin bincike sun haura arba'in, ma'aikata sun haura ɗari biyu, daga masana sinadarai da fiziks da ilimin halittu har injiniyoyin masana'antu.

Wannan haɗuwa ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya san tarihin garin. Humboldt tana gabas ne lokacin da katanga ta raba Balin. Freie an kafa ta a 1948 a yamma, saboda malamai da ɗaliban da suka ƙi zama ƙarƙashin tsarin gabas. Potsdam sai 1991 aka kafa ta. Bayan haɗewar Jamus a 1990 jami'o'in uku na Balin suka wayi gari suna cin abinci daga asusun jiha ɗaya wadda bashi ya yi wa katutu, kowace na tsoron a rufe mata sashe a ce ai maƙwabciyarta na da irinsa. Ko tazarar wuri ma matsala ce: daga sashen kimiyya na Humboldt a Adlershof zuwa Golm tafiya ce ta fiye da awa guda a jirgin ƙasa.

Kuɗi ne ya sassauta wannan gaba. A 2005 gwamnatin tarayya da jihohi suka amince da wani shiri na ɗaga darajar jami'o'i, suka ware yuro biliyan 1.9 a zangon farko, tarayya ta ɗauki kashi uku cikin huɗu. Kowace haɗaka tana samun kimanin yuro miliyan 6.5 a shekara na tsawon shekara biyar, kuma ba wata jami'a guda a Balin da ke da isassun masana katalis da za ta ci gasar ita kaɗai. Sannan ba daga sama aka faro ba. Tun 1999 wasu daga cikin waɗannan mutane ke aiki tare a wani ƙaramin shiri kan sinadaran ƙarfe da oksijin, ƙarƙashin Joachim Sauer na Humboldt, masanin lissafin sinadarai wanda duniya ta fi sani a matsayin mijin Angela Merkel, tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus. Sun riga sun san halin juna da iyakar na'urorin juna.

Shawarar da na fi ganin hikimarta ita ce ƙin barin kowa ya ci gaba da abin da ya saba a ƙarƙashin sabon suna. An zaɓi matsaloli ƙalilan aka ce kowa ya kawo kayan aikinsa kansu. Biyu ne suka fi fitowa: yadda za a sarrafa iskar metan, da yadda halittu ke sarrafa haidirojin.

Metan, da bayanin da ya yi kusan shekara talatin ana karantar da shi

Mai karatu a Najeriya ya san metan ko da bai san sunansa ba. Shi ne mafi yawan iskar gas da ke ci da wuta dare da rana a bakin rijiyoyin mai na Neja Delta, shi ake shirin turowa ta bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kuma daga jikinsa masana'antun Eleme da Lekki ke ciro haidirojin da suke yin takin yuriya. Yana da yawa, yana da arha, amma ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri na da tsada, shi ya sa ake ƙone shi a banza a wurare da dama. Ƙwayarsa atam ɗaya ne na kabon da haidirojin huɗu sun kewaye shi, sun riƙe gam, ba gefen da ya fi wani rauni.

Burin masana shi ne a ɗauki metan biyu, a cire musu haidirojin da taimakon oksijin, a ɗaura su su zama etilin, a bar ruwa a matsayin saura. Etilin shi ne tushen leda da robobi da kayan masarufi bila adadin, duniya na yin sama da tan miliyan 150 nasa a shekara, akasari ta hanyar dafa kayan man fetur da zafi mai tsanani. A 1982 wasu masana biyu na kamfanin Union Carbide a Amurka, Keller da Bhasin, suka nuna ana iya wannan haɗi kai tsaye. Sai dai akwai tarko. Ana buƙatar zafin digiri 700 zuwa 900, kuma a wannan zafi etilin ɗin da aka samu ya fi metan saurin kamawa da oksijin. In ka rage oksijin, metan kaɗan ne zai juya. In ka ƙara, abin da ka wahala ka samu ya ƙone ya zama kabon dayoksaid. An yi ta gwaji shekara da shekaru, kason da ake samu ya tsaya a wajen kashi 25 cikin ɗari, alhali ana ganin sai ya kai wajen 30 kafin masana'anta ta ci riba.

A 1985 Jack Lunsford na jami'ar Texas A&M da abokan aikinsa suka fito da katalis da ya zama zakaran gwajin dafi a fannin: farin garin magnesiyam oksaid da aka barbaɗa wa litiyam. Suka kuma ba da bayani mai daɗin ji. Litiyam, in ji su, yana shiga gurbin magnesiyam, ya bar wani atam na oksijin a gefensa da elektron guda marar abokin zama, wannan oksijin mai ƙishirwa shi ke fizge haidirojin daga metan. Bayanin ya shiga littattafai, ɗaruruwan maƙalu suka ginu a kansa. Shi UniCat ta ɗauka a matsayin wurin farawa, da niyyar fahimtarsa sosai sannan a inganta shi.

Aka raba aiki. Rukunin Driess suna haɗa garin ta hanyoyi daban-daban. Rukunin Reinhard Schomäcker, injiniyoyin sinadarai a Jami'ar Fasaha, suna zuba shi a bututun gwaji su bar shi yana aiki na awoyi masu yawa. A Fritz Haber, mutanen Hans-Joachim Freund suna shimfiɗa magnesiyam oksaid siriri ƙwarai a kan farantin ƙarfe cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, suna bin fatarsa atam-atam da madubin da ke aiki da tsinin allura, mutanen Robert Schlögl kuma suna duban ainihin garin kafin aiki da bayan aiki. Sauer da ɗalibansa suna lissafi a kwamfuta. Helmut Schwarz yana harba 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da oksijin, masu atam biyu ko biyar, su yi karo da metan a cikin na'urar awon nauyin ƙwayoyi, don a ga matakin farko tsirara.

Injiniyoyi ne suka fara kawo labari marar daɗi. Ko ta wace hanya aka haɗa garin, in aka bar shi a wuta ya daɗe, litiyam ɗin guduwa yake yi. Wani ya bi tururi ya fita, wani ya ci bangon bututun gilashin da ake gwajin a ciki. Yawancin sakamakon da aka yi ta yabo a baya an auna su ne a awoyin farko, kafin katalis ya lalace. A 2011 suka wallafa doguwar bita da ta faɗi haka ƙarara. Masu madubi suka ga abin da idonsu: da zafi ya hau, litiyam ya taso saman fata, da ya ƙara hawa ya tashi, ya bar ramuka da gefuna a inda da shimfiɗe yake. Masu na'urar maganaɗisu da ke gano elektron marar abokin zama suka nemi wannan oksijin na Lunsford a yanayin da ya kamata a same shi da yawa, ba su same shi yadda bayanin ya yi alkawari ba.

Sai lissafi ya zo ya rufe ƙofa. Kowane haɗin sinadarai yana da tudun da sai an haura shi kafin ya faru, ana auna tsayinsa da kilojul. Rukunin Sauer suka lissafa cewa in da oksijin ɗin Lunsford ne ke fizgar haidirojin, tudun bai wuce kimanin kilojul 12 ba. Abin da masu gwaji ke aunawa a bututu kuwa tsakanin 80 ne da 160. Tazarar ta fi ƙarfin kuskuren lissafi. A 2014 rukunonin suka fitar da maƙala guda a mujallar Angewandte Chemie, suka ce wuraren da ke kama metan iri ɗaya ne ko da litiyam ko babu: gefuna da kusurwoyin ƙwayoyin garin, inda atam ɗin magnesiyam da na oksijin ba su da cikakkun maƙwabta. A nan metan ke tsagewa, kuma ba ya sakin gutsurensa zuwa cikin iska sai in oksijin na iska yana wurin ya karɓi elektron. Babban aikin litiyam, a wannan fahimta, shi ne sauya siffar garin.

A ganina wannan shi ne sakamako mafi daraja da ɓangaren metan ya bayar, duk da cewa rushewa ce ba gini ba. Kuma ban ga yadda rukuni ɗaya zai iya kawo shi ba. Da mai lissafi ne kaɗai ya faɗa, da an ce masa 'yan atam ɗin da ya sa a kwamfuta ba su kai su wakilci katalis na gaske ba. Da mai madubi ne kaɗai, da an ce shimfiɗarsa a akwati marar iska ba ta san zafin digiri 800 ba. Da injiniya ne kaɗai, da an ce bai iya haɗa garin ba. Kowace shaida tana da raunin da za a iya kama ta da shi, amma raunin wannan ba shi ne na waccan ba, kuma duk a kan abu ɗaya aka yi aikin, a gari ɗaya, mutanen suna haɗuwa ido da ido su yi musu.

Daga nan hankali ya koma kan wani katalis da masana a Lanzhou ta ƙasar Sin suka fara bayyanawa a farkon shekarun 1990, haɗin manganis da sodiyam da tangistin a kan silika, wanda ke jure wuta na ɗaruruwan awoyi. Wani rukuni kuma, da Manfred Baerns a ciki, ya tattara sama da sakamako 1,800 da aka wallafa cikin kusan shekara talatin ya bi su da lissafin ƙididdiga, don a ga waɗanne sinadarai ne da gaske ke taimakawa. A harabar Jami'ar Fasaha, Günter Wozny da injiniyoyinsa suka gina 'yar ƙaramar masana'anta cikakkiya, da tukwanen haɗi iri-iri da hasumiyar wanke kabon dayoksaid daga iskar da ta fito. Ita ta tuna wa masu sinadarai abin da ba a gani a ƙaramin bututu: haɗin na fitar da zafi mai yawan da ke iya ƙona katalis a wuri guda, kuma raba etilin daga ragowar iska yana cin kuɗin da ya kai ko ya fi na haɗin kansa. Katangar kashi 30 dai ba ta faɗi ba.

Bakteriyar da ba ta tsoron oksijin

Ɓangare na biyu ya fi sa'a. Akwai enzayim da ake kira haidirojines, wanda ke tsaga haidirojin ya fitar da elektron, ko ya haɗa shi, da saurin da ke gogayya da filatinam, alhali nikel da ƙarfe kawai ke zuciyarsa. Filatinam kuwa tsadarsa na cikin abubuwan da ke hana injinan haidirojin yaɗuwa. Matsalar ita ce yawancin irin wannan enzayim da ya shaƙi oksijin sai ya sume. Bärbel Friedrich ta jami'ar Humboldt ta shafe rayuwarta ta aiki a kan wata bakteriyar ƙasa, Ralstonia eutropha, wadda ke cin haidirojin tana shaƙar oksijin a lokaci guda, enzayim ɗinta bai damu ba. Ita da Oliver Lenz sun san ƙwayoyin gadon halittar ciki da bai, suna iya sauya duk tubalin furotin da suka ga dama. Abin da ba su da shi shi ne idon da zai ga cikin enzayim ɗin.

Haɗakar ta ba su idanu. Rukunin Peter Hildebrandt a Jami'ar Fasaha suna haska shi da hasken da ke nuna rawar atam, Holger Dau na Freie yana auna kewayen ƙarfen da hasken eksire mai ƙarfi, masu maganaɗisu suna ƙirga elektron, Fraser Armstrong na Oxford a Ingila yana manna enzayim ɗin a kan sandar lantarki ya auna aikinsa. An lura cewa kusa da zuciyar enzayim ɗin akwai tubali biyu na sistin, mai ɗauke da farar wuta, waɗanda babu su a 'yan uwansa masu tsoron oksijin. Da aka cire su aka sa wani tubali marar farar wuta, enzayim ya ci gaba da aiki in babu oksijin, amma juriyarsa ta tafi.

A watan Nuwamba 2011 mujallar Nature ta buga hoton cikin enzayim ɗin, wanda Patrick Scheerer na asibitin koyarwa na Charité ya warware tare da ɗaliban Lenz da Friedrich. A inda kowa ya saba ganin dunƙulen ƙarfe huɗu da farar wuta huɗu da tubali huɗu ke riƙe da shi, sai ga ƙarfe huɗu da farar wuta uku, tubali shida na riƙe da su. Ba a taɓa ganin irinsa ba. Amfaninsa shi ne yana iya sauya siffa ya saki elektron biyu a jere maimakon ɗaya. Idan oksijin ya kutsa zuciyar enzayim, yana buƙatar elektron huɗu kafin ya zama ruwa. In bai samu duka da sauri ba, sai ya tsaya rabi da rabi ya toshe wurin. Wannan dunƙule shi ke gaggauta cika masa adadin, oksijin ya zama ruwa ya fita, aiki ya ci gaba. A fitowa ɗaya ta mujallar wani rukuni daga Japan ƙarƙashin Yoshiki Higuchi ya nuna irin wannan dunƙule a wata bakteriyar teku, kowane ya zama shaidar ɗan uwansa.

Inda gidajen uku suka fi kusantar juna da gaske shi ne batun tsaga ruwa. Ganyen tsiro na yin haka da wani ɗan dunƙulen manganis huɗu da kalsiyam ɗaya, kuma a Balin ne Athina Zouni da abokan aikinta suka fara fitar da hoton furotin ɗin da ke ɗauke da shi a 2001. Dau, wanda ya yi shekaru yana auna wannan dunƙule, ya juya na'urorinsa kan katalis ɗin kobal da manganis da mutum ya ƙera, ciki har da waɗanda rukunin Driess ke haɗawa. Aka ga cewa waɗanda suka fi aiki ba masu tsararren jiki ba ne, masu hargitsattsen jiki ne da ke ɗauke da 'yan gungu masu kama da na ganye, kuma sau da yawa abin da aka zuba a farko sauyawa yake yi a cikin aiki kafin ya zama katalis na gaske. Wannan darasi ɗaya ne da na magnesiyam oksaid: abin da ke cikin kwalba kafin a kunna wuta ba shi ne ke yin aikin ba.

Ɗalibai da kamfani

Farfesoshi suna sa hannu a takarda, amma masu ɗaukar samfur daga Charlottenburg, unguwar Jami'ar Fasaha, zuwa Dahlem ɗaliban digirin digirgir ne. Tun 2007 aka buɗe makarantar horar da su, BIG-NSE, da Turanci ake karatu, ɗalibai daga ƙasashe da dama. Kowane sabon rukuni yana farawa ne da kimanin wata uku na darussa tare, mai ilimin halittu ya zauna ajin lissafin tukunyar masana'anta, injiniya ya koyi yadda ake tsarkake furotin, kafin kowa ya tsara aikinsa ya kare shi a gaban jama'a. Ina ganin wannan wata ukun ya yi wa haɗakar aikin da tarukan shugabanni ba su yi ba, domin ɗalibar da ta san wanda ke riƙe da wata na'ura a wata jami'a tun suna aji ɗaya ba ta buƙatar wasiƙar farfesa kafin ta kai masa samfur. An kuma ƙirƙiro lambar yabo ta shekara-shekara ga matasan mata masu binciken katalis, da sunan Clara Immerwahr, matar farko ta Fritz Haber, masanin da aka sa wa cibiyar Dahlem sunansa, wadda ta samu digirin digirgir a sinadarai a Breslau a 1900.

Kamfanin sinadarai na Jamus BASF ya shigo a ƙarshen 2011, ya kafa ɗakin bincike na haɗin gwiwa mai suna BasCat tare da Jami'ar Fasaha da Cibiyar Fritz Haber, ginin ya buɗe a 2014 a harabar jami'ar. Can ma batun shi ne yadda za a sarrafa iskar gas da oksijin ba tare da an ƙone ta ba. Kamfani irin wannan ba ya zuba miliyoyi don nishaɗi, kuma abin da ya saya a nan fahimta ce. A masana'antarsa ta Oppau a 1913 BASF ya fara yin amoniya da katalis ɗin da Alwin Mittasch ya samo bayan dubban gwaje-gwaje na a-gwada-a-gani, kuma sai bayan shekara sittin da wani abu Ertl ya bayyana dalilin da ya sa yake aiki. Wasu ɗaliban haɗakar ma sun kafa nasu ƙananan kamfanoni, kamar DexLeChem da Sonja Jost ta jagoranta, mai neman hanyar sake amfani da katalis masu tsada a harhaɗa magunguna.

Abin da bai samu ba

Alkawarin da ke cikin sunan haɗakar, wato ƙa'idoji guda da za su haɗe gidajen uku, bai cika yadda aka zana shi ba. An samu zaren da ke ratsa su, musamman cewa katalis abu ne mai sauyawa a cikin aiki, kuma tafiyar elektron da ta haidirojin a haɗe suke ko a furotin ko a dutse. Amma wanda ya bi maƙalun zai ga masu metan sun fi rubutu da masu metan, masu enzayim da masu enzayim. Haɗin kan ya fi ƙarfi ne a inda fannoni daban-daban suka taru a kan abu ɗaya da za a iya riƙewa a hannu, gari guda ko furotin guda, ya fi rauni a inda aka nemi a haɗa su da ra'ayi kawai. Kuma babu masana'antar da ta tashi daga aikin metan. Ko kamfanin Siluria na Amurka, da ya buɗe masana'antar gwaji ta wannan haɗi a Texas a 2015, ya ƙare da sayar da fasaharsa a 2019. Yawaitar iskar etan mai arha daga duwatsun Amurka ta sa tsohuwar hanyar yin etilin ta ƙara sauƙi, abin da ba ya hannun kowane masani.

An sabunta kuɗin UniCat a watan Yuni 2012. Da zangon ya ƙare, mutanen suka sake shiga gasa da sabon tsari mai suna UniSysCat, wanda ya fara a Janairu 2019 cikin haɗaka 57 da aka zaɓa a faɗin ƙasar, Charité ta shigo a matsayin cikakkiyar abokiya. Tambayar ta sauya: maimakon neman abin da ya haɗa katalis ɗaya da wani, sai aka koma kan yadda za a jera katalis da yawa su yi aiki a jere, wannan ya miƙa wa wancan, yadda ƙwayar halitta ke yi a cikinta. A watan Mayu 2025 aka sanar da haɗaka 70 da za a ɗauki nauyinsu daga 2026, UniSysCat ba ta cikinsu. Ban ga adalcin auna aikin shekara goma sha takwas da sakamakon gasa guda ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne matasan masana masu kwantiragin shekara uku ko huɗu, waɗanda su ne suka san yadda ake tafiyar da na'urorin da kuma wanda za a kira a ɗaya jami'ar. Kujerun farfesa da aka ƙirƙira saboda haɗakar suna nan a jami'o'in, haka ma gine-ginen, amma albashin waɗannan matasa daga asusun haɗakar yake fitowa, kuma da yawansu sai sun nemi wani wurin.